Mayun Fadama ko Iskar Bishiya: Wa Ya Kamata Geralt Ya Yarda da Shi a Velen?

A gidajen gem na Kaduna, daga Tudun Wada har Kawo da Barnawa, ƙwallo ce ke cin kasuwa, kuma ba kasafai ake samun mai haƙurin zama ya bi dogon labari ba. Sai dai 'yan tsirarun da suka rungumi The Witcher 3: Wild Hunt, wasan da kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Foland ya fitar a watan Mayun 2015, galibinsu sukan cije a wuri guda tun kafin su yi nisa, wato a gindin wata tsohuwar bishiya da ke kan tudu a yankin Velen, inda wata murya ke roƙon a sake ta, alhali wasu tsofaffin mayu uku sun riga sun ba da umarnin a kashe ta. Wannan rubutu na wanda ya iso wurin ne ya tsaya yana wasiwasi. Zan fayyace sakamakon kowane zaɓi, saboda haka wanda yake son ya gani da idonsa ya dakata a nan. Ya kamata kuma iyaye da yayye su sani cewa wasan na manya ne, an yi masa iyakar shekara 18, domin akwai zubar da jini da tsiraici da al'amuran tsafi a cikinsa.

Yadda maganar ta taso

Geralt, maharbin dodanni, ya shigo Velen ne yana cigiyar Ciri, yarinyar da ya raina kamar 'yar cikinsa. Yaƙi ya ɗaiɗaita yankin, yunwa ta kai matsayin da iyaye ke tura 'ya'yansu cikin daji su bi wata hanya da aka rataya wa kayan zaƙi, hanyar da ke ƙarewa a fadamar Crookback. A can wata tsohuwa mai taɓin hankali ke riƙe da marayu a madadin mayun nan uku, Brewess da Weavess da Whispess, waɗanda talakawan yankin ke girmamawa suna kiran su uwayen daji. Mayun sun ce za su faɗa wa Geralt abin da suka sani game da Ciri, amma da sharaɗin ya je ƙauyen Downwarren da wata wuƙa, ya nuna wa dagaci, ya kawar da abin da ke kashe mutanen ƙauyen. Abin kuwa shi ne iskar da ke ɗaure a zuciyar bishiya, a aikin da wasan ya sa wa suna The Whispering Hillock.

Da Geralt ya isa kogon da ke ƙarƙashin bishiyar, sai iskar ta ba shi nata labarin. Ta ce ita ce ke kare Velen a da, mayun suka kashe ta suka ɗaure kurwarta, kuma marayun da ya gani a fadama suna gab da halaka, ita kaɗai ce za ta iya cimma su kafin lokaci ya ƙure idan aka sake ta. Bahaushe ba baƙo ba ne ga labarin iskar da ke zaune a gindin tsamiya, kuma ya san abu na farko da ake faɗa wa yaro shi ne kada ya amsa kiranta. Matsalar a nan ita ce waɗanda suka aiko shi su ma ba mutanen arziki ba ne.

Ma'aunin da za a yi hukunci da shi

Yawancin masu wasa sukan fara da tambayar wane ne mai gaskiya, kuma a ganina wannan tambaya ba ta kai mutum ko'ina. Abin da kowane ɓangare ya faɗa a kan ɗan'uwansa gaskiya ne, domin mugu shi ya san makwantar mugu, kuma kowannensu yana cika alkawarin da ya furta da bakinsa. Abin da suka ɓoye game da kansu shi ne inda cutar take. Saboda haka ya fi kyau a auna zaɓin da abubuwa huɗu. Na farko farashi, wato ran wa za a biya da shi, da kuma lokacin da mai wasa zai kashe. Na biyu ɗorewa, wato har ina sakamakon zai bi mutum, kuma ko wasan yana ba da damar gyara ɓarnar daga baya. Na uku sauƙi, musamman ga wanda Geralt ɗinsa bai wuce mataki na 5 ko na 6 ba, wanda shi ne matakin da aka tsara waɗannan ayyuka dominsa. Na huɗu haɗari, wato yawan abin da Geralt bai sani ba a daidai lokacin da zai yanke shawara.

Akwai abubuwan da zaɓin ba ya taɓawa, kuma saninsu yana rage nauyi. Ko wace hanya aka bi, dagacin Downwarren zai yanke kunnensa da wuƙar nan ya ba Geralt a matsayin ladan mayun, mayun za su bayyana a ainihin mummunar surarsu su ba da labarin Ciri, kuma babban ƙarshen wasan ba ya rataye a wannan bishiya, yana rataye ne a kan yadda Geralt zai mu'amalanci Ciri can gaba.

Zaɓi na farko: a bi umarnin mayu a kashe iskar

Farashin wannan hanya shi ne marayun. Idan Geralt ya dawo fadama ba zai same su ba, kuma wasan bai bar wata tantama a kan abin da mayun suka yi da su ba. Yaran nan ba baƙi ba ne ga mai wasa, ya yi magana da su, wataƙila ma ya yi wasan ɓuya da su domin su taimaka masa ya gano inda Johnny yake, wato wata halitta mai kama da yaro wadda ta ga Ciri amma ta rasa muryarta, saboda haka rashinsu yana zafi fiye da yadda lissafi zai nuna. A ɗaya gefen, ƙauyen Downwarren yana tsira baki ɗaya, kuma tsohuwar da ke riƙe da marayun tana nan a siffar mutum. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci domin tsohuwar ita ce Anna, matar Phillip Strenger, mai iko da yankin da ake kira Baron, wadda ya daɗe yana nema. Anna ta ƙulla yarjejeniyar bautar shekara guda da mayun domin su raba ta da cikin da ba ta so, bayan shekarun da ta yi tana shan duka a hannun miji mashayi. Idan aka kashe iskar, Baron da 'yarsa Tamara za su same ta a raye amma hankalinta ya gushe, sai Baron ya yi alkawarin daina giya ya ɗauke ta zuwa tsaunukan Blue Mountains wurin wani mai magani.

Ta fuskar ɗorewa, wannan hanya tana da wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba. Mayun da aka yi wa aiki ba su tsira har abada ba, domin can gaba a dutsen da suke bikinsu na shekara, Ciri tana kashe biyu daga cikinsu, Weavess kaɗai ke tserewa. Ke nan ɓarnar da aka bari a raye tana da ranar hisabi a cikin wasan, ko da yake hisabin bai dawo da yaro ko ɗaya ba.

Sauƙinta matsakaici ne. Akwai mai rikiɗa ya koma kyarkeci a bakin kogon, wanda ƙarfinsa ke dawowa idan aka yi masa sanyin hannu, kuma da zarar an fara saran zuciyar bishiyar, manyan ƙwarin nan masu dafi da ake kira endrega za su riƙa fitowa rukuni-rukuni yayin da zuciyar ke kare kanta. Wanda ya shafa wa takobin azurfa man da ya dace da ƙwari, ya kuma riƙa amfani da alamar Quen, wato tsafin da ke yi wa Geralt garkuwa, ba zai sha wahala sosai ba. Haɗarinta shi ne mafi bayyana: an gargaɗi Geralt ƙarara cewa yaran za su mutu, ya ji da kunnensa, ya zaɓi ƙin yarda.

Zaɓi na biyu: a yarda da iskar a sake ta

Wannan ita ce hanyar da zuciya ke karkata gare ta, kuma ita ce mafi tsada. Iskar tana buƙatar abubuwa uku: gashin hankaka, da ƙasusuwanta da aka binne a fadama, da baƙar goɗiya wadda za ta shiga jikinta. Gashin yana cikin sheƙar da aka samo kwalbar muryar Johnny, don haka mai lura yakan riga ya ɗauke shi tun a lokacin. Goɗiyar kuma sai an kwantar mata da hankali da tsafin Geralt da ake kira alamar Axii kafin a hau ta zuwa kogon. Ba aiki ne mai wuya ba, amma yana cin lokaci, kuma ga wanda ke biyan kuɗin zama a gidan gem ko yake ƙona man janareta, wannan ma farashi ne.

Iskar tana cika alkawari. Tana kwashe marayun daga fadama, kuma idan mai wasa ya isa birnin Novigrad zai iya samun su a raye a makarantar wata malama mai suna Marabella. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wasan da ba kasafai yake barin yaro ya tsira ba. Amma abin da ba ta faɗa ba shi ne tana da bashin gaba a kan mutanen Downwarren, masu yi wa mayun hidima. Lokacin da Geralt zai sake komawa ƙauyen tare da Baron, zai tarar baƙar goɗiyar ta riga ta bi ta kansu, gawarwaki a ko'ina, 'yan kaɗan ne suka rage su ba da labari. Wasu masu wasa sukan ce ƙauyen da ke miƙa wuya ga masu cin yara bai cancanci tausayi ba. Ban yarda da wannan ba. Mutanen nan talakawa ne da yaƙi ya rutsa da su, ba su da sarkin da zai kare su, gaba kura baya siyaki, kuma su ma suna da nasu yaran a ɗaka. Wanda ya ceci yaran da ya san sunayensu ta hanyar sadaukar da waɗanda bai sani ba, ya kamata aƙalla ya san abin da ya yi.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Mayun suna ɗora laifin ɓatan yaran a kan Anna, sai su tsine mata ta koma dodon ruwa. Geralt zai iya karya tsafin idan ya sauka ɗakin ƙasa ya zaɓi 'yar tsanar da ta dace a cikin waɗanda aka jera, wato mai ɗauke da furen nan mai launin shunayya da Anna ke so, wanda Baron ya taɓa ambatawa a lambunsa. Idan ya zaɓi daidai, Anna za ta dawo mutum da cikakken hankalinta, ta yi sallama da mijinta da 'yarta, sannan ta cika. Idan ya kuskure, za ta kama da wuta nan take. Ko ta wace hanya, idan Geralt ya koma Crow's Perch, sansanin Baron, zai tarar Baron ya rataye kansa a bishiyar farfajiya. Mutum ne mai laifi babba a kan iyalinsa, amma shi ne kuma ya ba Ciri masauki da abinci lokacin da ta zo masa da rauni, kuma wasan ya yi ƙoƙari ƙwarai wajen nuna shi yana neman hanyar tuba. Wannan zaɓi yana rufe masa hanyar.

Haɗarin wannan hanya ya fi na kowace girma, domin a lokacin yanke shawara Geralt bai tabbatar cewa tsohuwar ita ce Anna ba, kuma ba wanda ya ambata masa makomar ƙauyen. Amma akwai alamu ga mai kula. Gawarwakin mutanen da muryar ta jawo suna warwatse a kewayen tudun. Geralt da kansa yana lura cewa ƙasusuwan da ya tono ba su yi kama da na mutum ba. Akwai kuma wani littafi a cikin wasan mai suna She Who Knows, wanda ke ba da labarin cewa mayun uku suna da uwa, wadda ta haukace ta jiƙa ƙasar da jini har 'ya'yanta suka kashe ta suka ɗaure kurwarta a ƙarƙashin bishiya. Mai yiwuwa masu goyon bayan mayun ne suka tsara labarin, amma abin da ya faru a Downwarren ya dace da shi sarai. Ta fuskar ɗorewa kuwa, da zarar goɗiyar ta fice, wasan ba ya sake ba Geralt damar fuskantar ta. Abin da aka saki ya saku.

Zaɓi na uku: a yi kamar an yarda, sannan a yaudare ta

Geralt zai iya amsa wa iskar, ya tattaro kayan uku, sannan a tsakiyar tsafin ya juya mata baya ya hallaka ta. Sakamakon labari daidai yake da na zaɓi na farko, marayu su tafi, ƙauye da Anna da Baron su rage. Amfaninsa biyu ne: yana kauce wa dogon faɗa da ƙwarin, kuma yana ba mai wasa lokacin ganin ƙasusuwan da yin tunani kafin ya yanke hukunci. Illarsa ita ce an kashe lokacin zaɓi na biyu an samu sakamakon na farko, kuma Geralt ya ƙara cin amana a kan kisa.

| Ma'auni | Kashe iskar | Sakin iskar | Yaudarar iskar |
|---|---|---|---|
| Marayu | Sun halaka | Sun tsira zuwa Novigrad | Sun halaka |
| Downwarren | Ya tsira | An hallaka yawancin mutanensa | Ya tsira |
| Anna | Tana raye, ba hankali | Ta mutu | Tana raye, ba hankali |
| Baron | Ya tafi nema mata magani | Ya rataye kansa | Ya tafi nema mata magani |
| Lokaci | Kaɗan | Mai yawa | Mai yawa |
| Wahalar faɗa | Matsakaiciya | Ƙarama | Ƙarama |
| Abin da aka bari a raye | Mayu, kuma akwai ranarsu | Mayu da iska, ita kuwa ba a sake kama ta | Mayu, kuma akwai ranarsu |

Akwai abu ɗaya da teburin bai nuna ba domin bai bambanta ba: ko Baron ya mutu ko ya yi tafiya, sajensa ne ke karɓar ragamar Crow's Perch, kuma yaransa sukan ƙara gallaza wa talakawan da ke kewaye. Wanda ke fatan akwai zaɓin da zai gyara Velen ya cire rai.

Wace hanya ta dace da wa

Ni dai na fi karkata ga kashe iskar, kuma ba don na yarda da mayun ba. Dalilina shi ne ma'aunin ɗorewa. Mugun da aka san iyakarsa, aka san gidansa, aka kuma san za a dawo masa, ya fi sauƙin ɗauka a kan wanda ba a san girmansa ba aka ba shi ƙafafu huɗu. Aikin maharbin dodanni shi ne rage yawansu a duniya, kuma sakin iskar yana ƙara ɗaya ne a kan uku. Duk da haka ba zan ce wanda ya zaɓi yaran ya yi wauta ba, domin a cikin duk waɗanda ransu ke kan sikeli, su ne kaɗai ba su ƙulla yarjejeniya da kowa ba, ba su yi wa kowa hidima ba, ba su daki kowa ba.

Wanda labarin Baron da iyalinsa ya fi kama masa zuciya, yake son ganin mutumin ya samu damar gyara abin da ya ɓata, ya kashe iskar. Haka ma wanda ke lissafin yawan rayuka, domin ƙauye guda da Anna da Baron sun fi marayun yawa. Wanda ba zai iya ci gaba da wasan da sanin cewa ya ji gargaɗi a kan yara ya toshe kunne ba, ya saki iskar, amma ya tuna da furen shunayya idan ya isa ɗakin 'yan tsana, domin aƙalla Tamara ta samu yin sallama da mahaifiyarta, kuma idan ya shiga Novigrad ya leƙa makarantar Marabella. Wanda Geralt ɗinsa ke da rauni, ko yake wasa a mataki mafi tsanani inda cizo biyu ko uku ke kai mutum ƙasa, kuma ya riga ya yanke shawarar kisa, hanyar yaudara ta fi masa. Wanda ke zagaye na biyu kuwa ya bi hanyar da bai bi a baya ba, domin kowace tana da fage da maganganun da ɗayar ba ta da su.

Ga wanda bai yanke ba har yanzu, akwai dabarar da ta shafi yanayinmu a nan. Sakamakon wannan zaɓi ba ya bayyana nan take, sai an kammala aikin Return to Crookback Bog, wanda aka tsara wa mataki na 9, kuma kafin lokacin ajiyar da wasan ke yi da kansa ta riga ta shafe ta baya. Saboda haka kafin ka shiga kogon ka yi ajiya ta musamman da hannunka a gurbi daban. Idan a PlayStation 4 ta gidan gem kake wasa, inda hannu da yawa ke taɓa inji ɗaya kuma wuta na iya ɗaukewa a tsakiyar ajiya, ka roƙi mai gidan ya bar ka kwafe ajiyar a filashi ka tafi da ita gida.